Famfas ɗin yaro mai jiki: a duba cinya kafin a duba lamba

Jaririn da aka haifa da kilo 4 ko sama da haka, a asibiti ana lissafa shi cikin manya, domin matsakaicin nauyin haihuwa kilo 3.2 ne zuwa 3.3. Irin wannan yaro, tubarkalla, yana iya kai kilo 8 ko 9 tun yana wata huɗu, alhali a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya matsakaicin namiji ɗan wata shida kilo 7.9 ne, mace kuma 7.3. Na yi amfani da famfas mai kunne, da mai wando, da nafkin na tawul a jikin yaro mai irin wannan ƙira, kuma abin da zan faɗa wa kowace uwa shi ne kada ta dogara da lambar kilo da ke jikin leda. Kaurin cinya da tsawon famfas su ne ke nuna ko zai zauna.

Dubi yadda ake rubuta lambobin. A ledar Molfix da aka saba gani a shagunan Kasuwar Sheikh Gumi da Kasuwar Barci a nan Kaduna, lamba 2 na kilo 3 zuwa 6 ne, lamba 3 na 4 zuwa 9, lamba 4 na 7 zuwa 18, lamba 5 kuma na 11 zuwa 25. Sauran kamfanoni ma haka suke buɗe tazarar. Yaro mai kilo 8 ya shiga lamba 3, ya kuma shiga lamba 4, to wanne za a saya? Siririn yaro mai tsawo zai zauna lafiya a lamba 3. Mai cinyoyi da tumbi, wanda kilonsa ɗaya da na siririn, tuni lamba 3 ta matse shi. Ƙa'idar da ta yi mini aiki ita ce: idan yaro mai jiki ne, da zarar ya rage kilo ɗaya zuwa biyu ya kai ƙarshen lambar da yake ciki, a tsallaka ta gaba, kada a jira ya cike ta.

Akwai wani ruɗani da ya ƙaru a 'yan shekarun nan. A ƙarshen 2023 kamfanin da ke yin Pampers ya sanar da daina sarrafa kaya a Najeriya, ya koma shigo da su daga waje, a 2024 kuma mai Huggies ya sanar da rufe masana'antarsa ta Ikorodu. Molfix dai ana yin sa a Agbara ta jihar Ogun. Saboda haka a manyan kantunan titin Ahmadu Bello ko na Barnawa za ki iya ganin suna ɗaya, lamba ɗaya, amma ledojin daga ƙasashe daban-daban, kowace da nata awon. Lamba 4 ta Turai ta kan ce kilo 9 zuwa 14. Ta Amurka da ma'aunin fam take fara rubutu, za ki ga 22 zuwa 37, wato kusan kilo 10 zuwa 17, tunda kilo ɗaya fam 2.2 ne. Wanda aka aika sayayya ya ga 22 ya ɗauka kilo ne, sai ya ajiye ya ɗauko ƙarami. Idan maigida ne ke sayowa, a rubuta masa nauyin yaron da kilo daga katin awo, a ce ya karanta ledar da kansa.

Gwajin da ake yi a jikin yaro bai wuce minti ɗaya ba. Bayan an ɗaura, gaban famfas ya tsaya dab da ƙasan cibiya, bayansa kuma ya ɗan fi gaban tsawo. Idan ya zame zuwa mara, tsawon ya gaza. Kunnuwan su sauka kusa da tsakiyar gaba ba tare da an ja da ƙarfi ba. Idan sai a can gefe suke kamawa, ko suna ɓallewa in yaro ya yi miƙa, ya yi kaɗan. Yatsu biyu su shiga a ƙugu, ɗaya ya shiga a cinya. In an cire, ɗan shatin roba da ke ɓacewa cikin 'yan mintuna ba komai ba ne. Shati mai zurfi, ja, wanda ke nan har lokacin canji na gaba, wannan matsi ne. Ɗuwawu kuma su shige gaba ɗaya, kada rabin ɗaya ya leƙo.

Mutane da yawa in famfas ya yi yoyo sai su ce ya yi yawa ne, su ƙara tamke kunne. A yaro mai jiki kusan kullum akasin haka ne. Audugar da garin da ke shanye fitsari suna buƙatar wuri su kumbura. Ƙaramin famfas yana da ƙarancin garin, ga yaron da ya fi sa'anninsa shan nono da yawan fitsari, ga cinyoyi biyu sun matse tsakiyar har ta dunƙule, sai fitsarin ya bi gefe. Akwai kuma wata siririyar roba mai tattara a ciki, gefe da gefe, wadda aka yi ta don ta tsaya a matsematsi ta tare ruwa. A jikin yaro mai ninkin cinya tana yawan lanƙwashewa ciki, ko ta hau kan tsokar cinya maimakon ta shiga lungun. Kowane ɗauri sai an zagaya da yatsa an fito da tattarar waje, an kuma ɗaga ninkin cinyar an zaunar da robar a inda take. Idan namiji ne a kwantar da gabansa ƙasa kafin a rufe, in ba haka ba ta sama fitsarin zai fito, riga ta jiƙe famfas na bushe.

Ga wata dabarar kunne da ke taimakawa sosai. Yaron da cinyarsa ta fi ƙugunsa, a manna kunnuwan suna kallon sama kaɗan, hakan na buɗe wa cinya wuri. Wanda tumbinsa ne babba amma cinyar daidai, a manna su suna kallon ƙasa, sai bakin famfas ya zauna a ƙasan tumbi ba tare da ya datse shi ba. A kuma guji ɗaurewa tam kafin shan nono, domin cikin zai ƙara tashi bayan ya ƙoshi.

Inda lamarin ya fi wahala shi ne tsakanin wata uku zuwa shida. Lamba 4 da 5 an yanka su ne da tunanin yaron da ke rarrafe ko tafiya, mai cin abinci, wanda kashinsa ya haɗu. Amma ga ɗan wata huɗu ya shiga lamba 4 alhali nono zalla yake sha, kashinsa ruwa-ruwa, yawancin lokaci kuma a kwance yake. Shi ne za ki ga kashi ya bi ta baya har wuyan riga. Maganinsa ba ƙarin lamba ba ne kawai, a nemi famfas mai roba a bakin baya. Kafin ki saya, ki kama bayan guda ɗaya ki ja: idan ya miƙe ya dawo, zai tare, idan shimfiɗaɗɗen abu ne kamar takarda, ba zai riƙe kashin nono ba komai sunan kamfanin. Masu araha da yawa nan suke rage kuɗi, da kuma a kunne, inda suke sa siririn manne marar miƙewa. A siririn yaro ba a gane bambancin, a mai jiki ranar farko ake gani.

Sai goyo, abin da masu rubuta lambobin nan ba su lissafa da shi ba. In an goya yaro ƙafafunsa a buɗe suke, nauyinsa duka a kan famfas, ga majanyi ya tamke. Famfas da ya riga ya sha fitsari in aka danna shi haka sai ya tsiyayo ta cinya, zane ya jiƙe, sai an canza kaya kafin sallah. Yaro mai kilo 9 ko 10 ya fi danna shi. Saboda haka a canza sabo kafin a goya don fita, musamman in hanyar da nisa, kamar daga Rigasa ko Kawo zuwa cikin gari, kuma a sake duba tattarar bayan an ɗora shi a baya.

A tsakanin nau'ukan uku, mai wando ne ya fi gamsar da ni ga mai tumbi. Robarsa ta zagaye ƙugu gaba ɗaya, tana bin ciki in ya tashi in ya sauka, kuma ta rufe baya da kyau. Ba a cire shi ta ƙafa in an yi kashi, gefe da gefe ake yagewa. Aibinsa biyu ne. Ramin cinyarsa ba ya gyaruwa, in ya matse to ya matse, don haka sau da yawa sai an ɗauki lamba ɗaya sama da ta mai kunne. Na biyu, ya fi tsada a kowane guda. Mai kunne ya fi dacewa da wanda bai fara zama ba da wanda cinyarsa ce matsalar, in dai kunnen mai faɗi ne mai miƙewa. Da dare kuwa, ko wanne ake amfani da shi, lamba ɗaya sama da ta rana ta fi kai wa asuba.

Nafkin na tawul ba shi da matsalar lamba, tunda ke ce ke naɗa shi daidai jikin yaro, sai dai ƙanana da ake haɗawa cikin kayan haihuwa ba sa zagaye ƙugun babban yaro bayan wata biyu ko uku. A sayi tawul a yanka murabba'i mai santimita 70 zuwa 75, tela ya kashe bakin. Wandon roba da ake ɗorawa a kai shi ne abin lura, robar ƙafarsa na cin cinya fiye da ta famfas, ga riƙe zafi. Da rana a gida, a watannin Maris da Afrilu da garin nan ke tafasa, nafkin ba tare da wandon roba ba a kan shimfiɗar leda ya fi wa fatar yaro sauƙi. Da damina kuwa shanya ke zama aiki, tawul mai kauri ba ya bushewa da wuri, kuma ɗanyen nafkin kan jawo ƙuraje.

Fatar yaro mai jiki tana buƙatar kula ta musamman, domin gumi da fitsari na maƙalewa a ninki. A canza duk awa uku zuwa huɗu da rana, kashi kuwa nan take. A wanke da ruwa, a buɗe kowane ninki a tsane shi da tsumma mai laushi, a bar shi ya sha iska kafin a rufe. Man kaɗanya ko basilin ko mai mai sinadarin zinc a shafa shi siriri, domin in aka lafta yana toshe fuskar famfas, fitsari ya riƙa zamewa maimakon ya shige. Hoda ba ta da amfani a nan, tana dunƙulewa a lungu ta riƙe laima. A bambance ja iri biyu: wanda ya bi layin roba daidai, matsi ne, ƙarin lamba ke warkar da shi. Wanda ya yi ja sosai a cikin ninki, da ƙananan ƙuraje a kewaye, ya kuma wuce kwana uku, a kai asibiti. Don Allah kada a sayo man haɗe-haɗen nan na kemis da manya ke shafawa a shafa wa jariri a ƙarƙashin famfas, da yawansu na ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata, kuma rufin famfas na sa jiki ya ƙara shanye shi.

Wajen saye, kada a fara da katan. Masu shago a unguwa na ɓalle leda su sayar ɗai-ɗai, a ɗauki uku ko huɗu daga kamfanoni biyu, a gwada ɗaya da rana, ɗaya a goyo, ɗaya da dare. A tabbatar an ga ledar da aka ciro su, mai suna da lambar NAFDAC, ban da waɗanda ake ƙullawa a farar leda ba suna ba lamba, domin a ƙulli guda sai a samu girma daban-daban, wasu kunne ɗaya a ɓalle. A lissafa kuɗi a kan guda ɗaya, ba a kan leda ba, tunda duk lambar da ta ƙaru adadin da ke ciki raguwa yake yi. Mai ciki da awo ya nuna ɗanta babba ne, ƙaramar leda ɗaya ta lamba 1 ta ishe ta zuwa asibiti, wani ma da lamba 2 zai fara. 'Yan uwa masu kawo famfas ranar suna, in da hali a gaya musu lamba 3, domin ƙananan nan kafin a yi arba'in an wuce su. Ledar da ta yi kaɗan kada a buɗe ta, mai shagon da aka saba da shi kan yarda a musanya in dai a rufe take.

Lamba 6 ba kowane shagon unguwa ke ajiye ta ba, sai manyan kantuna ko dillalan kasuwa, kuma yaro mai jiki na iya isa gare ta tun bai cika shekara biyu ba. Shi ya sa da ya iya zama da kyau ya dace a fara ɗora shi a fo da safe in ya tashi da kuma bayan ya ci abinci, sai famfas ya koma na dare da na fita unguwa.