Fasto Mai Kiwon Ikilisiya da Digiri na Biyu ta Intanet: Wace Makaranta, Wane Tsari?

Duk wanda ya riƙe ikilisiya ya san yadda mako ke tafiya. Litinin ana cewa ranar hutu ce, amma ita ce ranar da ake buga maka ƙofa da labarin rasuwa. Laraba addu'a, Alhamis ziyara, Asabar ɗaurin aure, ga taron dattawa, ga zumuntar mata na neman mai jawabi. A cikin wannan ne Baba Fasto yake so ya ƙarasa digiri na biyu a ilimin tauhidi, ba tare da ya kwashe iyali ya koma Jos ko Bukuru na shekara biyu ba. Buri ne mai kyau, kuma yau yana yiwuwa. Sai dai na ga 'yan'uwa da dama sun zuba kuɗi a inda bai kamata ba, domin sun fara da tambayar "nawa ne?" alhali tambayar farko ita ce: wa zai karɓi wannan takarda idan na gama?

Masu karɓar takarda kuwa ba ɗaya ba ne. Akwai ɗarikarka, ko ECWA ce, ko COCIN, ko EYN, ko Baptis, ko Angilika, ko LCCN. Ita ke duba takardar wajen ƙarin girma ko ba ka koyarwa a makarantarta. Akwai gwamnati, wadda ke kallon hukumar jami'o'i ta NUC, kuma idan digirin na ƙasar waje ne sai ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tantance shi. Akwai kuma ACTEA, ƙungiyar da aka kafa a 1976 don tantance makarantun tauhidi na Afirka, wadda amincewarta ke da nauyi idan kana hangen digiri na uku. Makaranta na iya samun amincewar ɗaya ta rasa ta sauran. Saboda haka kafin ka cike fom, ka je ofishin ilimi na ɗarikarka da sunan makarantar a rubuce, ka nemi amsa ita ma a rubuce. Amsar baki tana tafiya da wanda ya faɗe ta ranar da aka sauya masa wurin aiki.

A gida, hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce jami'ar karatu daga nesa ta ƙasa, wato NOUN. Tana da fannin tauhidin Kirista har zuwa digiri na uku; a nan ne tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya yi nasa. Ana biya da naira, kayan karatu na kan intanet, jarrabawa kuma a cibiyar karatu ake rubuta ta, akwai su a jihohi. Takardarta ta gwamnati ce, ba mai yi maka gardama a kanta idan koyarwa a kwaleji ko aikin gwamnati kake nema. Amma jami'a ce, ba makarantar horar da masu hidima ba. Ba wanda zai saurari wa'azinka ya gyara maka, kuma ba ta tsaya kan koyarwar wata ɗarika ba. Mutumin da ya riga ya sami horon fastanci mai ƙarfi, takardar da hukuma ta sani kawai ta rage masa, NOUN za ta yi masa. Wanda yake jin ƙishin zurfi a Littafi Mai Tsarki, ina ganin zai fita da sauran ƙishi.

Sai makarantunmu na tauhidi: TCNN a Bukuru da ta buɗe a 1959, JETS a Jos da aka kafa a 1980, ta Kagoro, ta Gindiri, ta Baptis a Kaduna, da sauransu. Ƙarfin waɗannan ba a intanet yake ba, a cikin aji yake. Abin da ya dace ka tambaya a nan shi ne tsarin da ake zuwa na 'yan makonni a yi darussa a jere, a koma gida da aikin rubutu, a turo ta imel ko WhatsApp. Ni a nawa ganin, wannan gaurayen tsari ya fi dacewa da yawancin fastocin Arewa. Malamin da ke gabanka ya san abin da ake nufi da ikilisiyar da aka ƙona, ya san batun mai mata biyu da ya tuba, ya san zaman maƙwabtaka da Musulmi ba daga littafi ba. Kuma waɗanda za ku zauna aji ɗaya da su, su ne za ku haɗu a taron gunduma shekara ashirin masu zuwa. Farashinsa shi ne tafiya, da barin ikilisiya a hannun dattawa na ɗan lokaci. Ka tambayi kowace makaranta da wace jami'a take da haɗin gwiwa, kuma ko haɗin ya shafi digirin da kake so, domin wani lokaci digiri na farko kaɗai ya shafa.

Idan kuwa karatu ne da ba ka son taka ƙafa ko'ina, ka dubi Afirka ta Kudu kafin Amurka. Makarantar tauhidi ta SATS, wadda aka kafa a 1996, tun asali don karatu daga nesa aka gina ta, kuma hukumomin ilimi na ƙasar sun amince da ita. Jami'ar UNISA ma ta daɗe a wannan fage. Bambancin agogo awa ɗaya ne kawai tsakaninmu da su, kuma malamansu sun san Afirka. Abin lura biyu ne. Digiri na biyu a can ya fi karkata ga bincike: kai da mai duba aikinka da kundi mai tsawo. Wanda bai saba rubutun ilimi da Turanci ba zai sha wuya, kuma kaɗaicin yana kashe gwiwa. Na biyu, tsarinsu na da wani mataki tsakanin digiri na farko da na biyu, don haka za a auna takardunka, wataƙila a ce ka fara da wannan matakin. Kada ka ɗauke shi raini; ka dai sa shi cikin lissafin lokaci da kuɗi.

Makarantun Amurka irin su Dallas, Fuller, Gordon-Conwell da Liberty suna da karatu ta intanet mai tsari, da ɗakin karatu na kwamfuta da zai sa ka riƙe baki. Dangantakarmu da su ba sabuwa ba ce: marigayi Byang Kato, masanin tauhidi ɗan Kwoi, a Dallas ya yi digirinsa na uku. Amma ana biya ne bisa kowane maki (ma'aunin nauyin darasi, wato credit), da dala, kuma digirin M.Div, wato digiri na biyu na horar da fastoci, yakan kai maki 72 ko fiye, yayin da M.A., wani nau'in digiri na biyu, yake ƙasa da haka sosai. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023, dalar da a da take ƙasa da naira 500 a hukumance ta haura 1,000 nesa ba kusa ba. Fasto mai albashin ikilisiyar ƙauye ba zai ɗauki wannan ba sai da tallafi, kuma tallafin ya zama na dukan karatun ne, ba na zangon farko ba. Akwai kuma batun agogo. Darasin da ake yi kai tsaye da ƙarfe 7 na yamma a gabashin Amurka, a nan tsakar dare ne ko ƙarfe ɗaya. Ka tambaya ko darussan a ɗauke suke, ka saurara lokacin da ka samu wuta. Ka kuma duba ko makarantar na cikin waɗanda ATS, ƙungiyar tantance makarantun tauhidi ta Amurka da Kanada, ta tantance.

Yanzu ga inda zuciyata ta fi zafi. Akwai masu yawo da sunayen makarantu masu daɗin ji, suna haya a ɗakin taro na otel, mako biyu a ɗaura maka hula a ce ka zama Dakta. A farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin makonni shida. Irin wannan ciniki ya shigo gidan Ubangiji ma. Alamominsa a bayyane suke: ba a neman takardunka na baya, ba a ambaci malamai da inda suka yi karatu ba, ana cewa shekarun hidimarka sun isa su zama digiri, ana matsa maka ka biya yau. Mai tsayawa a bagade yana wa'azin gaskiya bai kamata ya rataya irin wannan takarda a bango ba.

Ga wanda ya fara karatu a da ya tsaya, saboda sauyin wurin aiki ko rikici ko rashin kuɗi, ka fara komawa tsohuwar makarantarka. Sau da yawa ƙarasawa a can ya fi arha. Idan dole ka sauya, ka karɓi takardar sakamakonka, ka tura wa sabuwar makarantar kafin ka biya komai, su faɗa maka darussa nawa za su karɓa. Ba a karɓar duka, kuma wasu ba sa karɓar abin da ya wuce shekara goma.

Harsunan asali ma abin dubawa ne. Idan kana hangen koyar da Tsohon Alkawari ko Sabo, kada ka zaɓi tsarin da ya tsallake Ibrananci da Helenanci don ya fi sauƙi. Za a tambaye ka su a gaba. Idan kuwa shawara ga ma'aurata, ko shugabanci, ko aikin bishara ne a ranka, M.A. a wannan fanni ya wadatar.

Sauran lissafin na cikin gida ne. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai riƙe caji, ƙaramin sola, kuɗin data kowane wata, da hanyar tura kuɗi waje idan makarantar ta waje ce. Darasi ɗaya mai kyau yakan ci awa takwas zuwa goma a mako, kuma waɗannan awanni daga wani wuri za su fito, ko daga barci, ko daga iyali, ko daga ziyara. Ka zauna da Mama ku yi magana. Ka kai batun gaban dattawa a rubuta shi a littafin taro: safiya biyu a mako ta karatu ce, kuma ga wanda zai riƙe jana'iza ko ziyarar asibiti idan ta faɗo a lokacin. Sannan ka yi rajistar darasi ɗaya tak a zangon farko, ka ga yadda zai zauna da watan Disamba da makon Ista, kafin ka ƙara na biyu.