Ragayar kwana ga mai kwanciya a gefen dama: abin da na gani bayan na yi amfani da ita

Mutumin da ya saba kwanciya a gefensa na dama, hannu a ƙarƙashin kunci kamar yadda sunna ta koyar, shi ya fi kowa shakkar ragayar kwana, domin duk hoton da ake tallarta da shi yana nuna mutum ne a rigingine, kai da ƙafafu a sama, ƙugu ya nutse a tsakiya. Sana'ata sayen riɗi da gyaɗa ce a ƙauyukan da ke tsakanin Garwa da Ngong da Lagdo har zuwa wajen Poli, a arewacin Kamaru, kuma idan kaka ta yi nakan kwana inda dare ya same ni, yawanci a ƙofar gidan Jauro, wato mai gari, da izininsa. Abin da ya raba ni da tabarma a irin wannan kwana shi ne kunama da kububuwa, wadda kwarin Binuwai ya yi suna da ita. Ƙanina ne ya kawo mini ragayar daga Yawunde, kuma tambayar da na fara yi masa ita ce ko mutum zai iya barci a cikinta ta gefe har asuba. Amsar da zan bayar yanzu ita ce zai iya, har ma ya ji daɗinta fiye da katifa mai tauri, amma da sharaɗi biyu: ragayar ta zama doguwa, kuma a rataye ta da sassauci.

Tawa ta yadin nailan ce mai falle ɗaya, tsawonta mita 3.3, faɗinta kusan mita 1.5, an tattare bakinta biyu an ɗaure, tana da gidan sauro mai zif a ɗinke a jikinta. Idan aka naɗe ta takan shige cikin jakar hannu tare da maɗauranta, ba ta cin wurin ko da buhu guda a bayan mota.

Yawancin mutane idan suka samu ragaya, abin da ke zo musu a rai shi ne su ja ta su ɗame sosai don ta miƙe ta yi kama da gado. Wannan shi ne abin da ke hana kwanciyar gefe. Yadin da aka ɗame yakan naɗo daga ɓangarorin biyu ya matse kafaɗu, kuma kafaɗar da ke ƙasa ita ke ɗaukar wahalar, sai mutum ya farka hannunsa ya sage. Ban da haka akwai lissafin nauyi: idan maɗaurin ya sauko daga bishiya da karkata ta kimanin digiri 30, kowane ɓangare yana ɗaukar daidai nauyin mutumin ne, amma idan aka ɗame har karkatar ta koma digiri 10, jan da ke kan kowane ɓangare yakan kai kusan ninki uku na nauyinsa. Igiya da ɗinki da reshen da aka ɗaura duk a nan suke cin amana. Ba a buƙatar na'ura don auna wannan karkata. A miƙa manuniya a kwance, a ɗaga babban yatsa sama, layin da ya haɗa kan yatsun biyu ya yi kusa da digiri 30. Nakan nemi bishiyu biyu masu tazarar mita 4 zuwa 5, in ɗaura maɗauran wajen tsayin kaina, ta yadda idan na zauna a bakin ragayar tafin ƙafata zai taɓa ƙasa.

Sai dai sassaucin kaɗai ba ya wadatarwa, domin wanda ya kwanta a tsakiyarta sosai, kai da ƙafa a kan layin bishiyun, zai lanƙwashe kamar baka, kuma ƙashin baya ba ya jure irin wannan lanƙwasa ta gefe. Dabarar ita ce a kwanta a karkace. Ni nakan tura ƙafafuna su wuce layin tsakiya zuwa ɓangare ɗaya, kaina da kafaɗata kuma zuwa ɗaya ɓangaren, sai in ji yadin ya buɗe a ƙarƙashina ya shimfiɗe. A wannan yanayi kwatangwalo da kafaɗa suna samun wurin da za su ɗan nutse, haƙarƙari da kwiɓi kuma yadin yana tallabe da su, abin da tabarma a kan ƙasa mai tsakuwa ba ta taɓa yi mini ba. Na lura cewa idan na miƙe ƙafafu sambal akwai wani tudu na yadi da ke tasowa ya tokare sha-raɓa da gefen gwiwa, amma da zarar na ɗan tanƙwara gwiwoyi na jawo su wajen ciki, tudun yakan ɓace. Rawani ko babbar riga a naɗe tsakanin gwiwoyin yana hana ƙafar sama janyo ƙugu gaba. Matashi kuwa ƙarami ake so, don yadin da kansa yana ɗaga kai, kuma filon gida mai kauri wuya yake karyawa. Akwai ƙaramin abu da ya gyara mini barci ƙwarai: ɗaura ɓangaren ƙafa ya fi na kai tsayi da kimanin taƙi guda. Gangar jiki ta fi ƙafafu nauyi, saboda haka idan ɓangarorin suka yi daidai mutum yakan zame cikin dare ya tsinci ƙafafunsa a can cikin tattaren yadin.

Babban gibin da na samu a wannan ragayar shi ne ba ta zo da igiyar bisa ba, wato igiyar da ke haɗa bakin ragaya biyu ta tsayar da zurfinta a wuri guda ko da tazarar bishiyu ta canja. Ga matafiyi da yau yana ƙarƙashin darbejiya gobe yana tsakanin tsamiya da marke, rashinta yana nufin sake gwaji kowane dare. Masu harkar sun fi amfani da tsawon kashi 83 cikin 100 na tsawon ragaya, wanda a tawa ya kama kusan mita 2.75. Na samo igiya marar miƙewa na kai wa wani maɗinkin tamfol a babbar kasuwar Garwa, ya auna, ya ɗaure, sannan ya duba ɗinkin bakin ya ce, “Alhaji, yadin nan na da kyau, amma kada ka bar shi a rana, rana ce ajalinsa.” Gaskiya ya faɗa, hasken rana yana cinye ƙarfin nailan a hankali, shi ya sa nake kwance ta bayan sallar asuba. Tun da aka sa igiyar, kwanciyar ta zama iri ɗaya ko ina na sauka, kuma ta ɗage gidan sauron daga fuskata.

Batun sauro yana da muhimmanci na musamman ga mai kwanciyar gefe, kuma a nan ragayar ta gaza. Gidan sauron yana rufe sama da kyau, amma kafaɗa da kwatangwalo da gwiwa suna manne da yadin ta ƙasa, kuma sauron bakin tafkin Lagdo yana huda falle ɗaya na nailan ba tare da wahala ba. A wurin da zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da mutane kowace damina, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Maganin da na yi shi ne shimfiɗa bargo a ciki. Da zan sake zaɓe, mai falle biyu zan ɗauka, ko wadda gidan sauronta ya lulluɓe ta sama da ƙasa.

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke kaiwa digiri 40, iskar da ke ratsawa ta ƙarƙashi ni'ima ce da mai kwana a ƙasa ba ya samu. A Disamba da Janairu kuwa wannan iskar ce ke tayar da mutum cikin dare, domin ɓangaren jikin da ke ƙasa ya danne bargo, hunturu kuma yana bugun yadin kai tsaye. Siririyar katifar soso tana taimakawa, amma takan zame duk lokacin da mutum ya juya, kuma ba ta da faɗin da zai rufe gwiwoyin da aka tanƙwara. Na fi samun sauƙi da bargo na biyu da na ɗaure daga waje, a ƙarƙashin ragayar, inda nauyina ba ya danne shi.

Maɗauran suna da faɗin kusan santimita 2.5, ba sa yanka ɓawon itace, abin da masu bishiyun ke lura da shi. Kuka dai ta fi ƙarfinsu, aduwa da bagaruwa kuma ƙayarsu na yaga gidan sauro, kuma ya kamata a duba gindin bishiya da tocila saboda tururuwa na bin igiya.

Akwai wani nau'i mai sanda a kai da ƙafa wanda ke shimfiɗewa ba tare da an karkace ba, kuma masu kwanciyar gefe da yawa sun fi son sa, sai dai ya fi nauyi, ya fi saurin kifewa, yana kuma buƙatar tazarar bishiyu mai yawa. Ga mai sayen irin tawa, abin da zai fara tambaya shi ne tsawon yadin kansa ban da igiyoyi, domin da yawa daga cikin masu araha ba su wuce mita 2.7 ba, kuma a cikinsu dogon mutum ba zai samu filin da zai karkace ba. Wanda tsayinsa ya kai mita 1.75 ya nemi mai mita 3.3, ya kuma sa mai kaya ya warware ta a auna a gabansa kafin ya biya.