Sharhi a kan rumbun bayanai na GPCRdb

Ga mai binciken magunguna, GPCRdb na cikin rumbunan bayanai na intanet da suka cancanci yabo, kuma kyauta ake shigarsa. Aikinsa tattara bayanai ne a kan GPCR, wato furotin ɗin da ke zaune a fatar ƙwayar halitta, suna karɓar saƙo daga waje suna isar da shi ciki. Jikin ɗan Adam na da kusan iri 800 daga cikinsu, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku na magungunan da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da su a kansu suke aiki, misali salbutamol na asma da losartan na hawan jini.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin lambobinsa na bai ɗaya, inda gurbi iri ɗaya yake da lamba ɗaya a jikin GPCR daban-daban, wanda ke ba mutum damar kwatanta gurbin da magani ke maƙalewa a masu karɓar saƙo daban-daban, har ya gane dalilin da magani ɗaya yake kama wani ya bar ɗan'uwansa. Siffofin furotin ma an jera su da kyau.

Sai dai an gina shi ne domin ƙwararru. Ɗalibi sabon shiga zai buƙaci jagora kafin ya saba da jadawalansa.