Z900 ko Z900 SE, wanne ya cancanci kuɗinka?

Jama'a ku daina ruɗuwa da fenti. Z900 da Z900 SE duk baburan Kawasaki ne, inji ɗaya, 948cc silinda 4. Bambancin SE shi ne shokozoba na kamfanin Öhlins a baya da birkin kamfanin Brembo a gaba. In yawonka cikin Abuja ne, Wuse zuwa Gwarimpa, titi sumul, Z900 mai ƙaramin kuɗin ya ishe ka, canjin ka sai hular kwano mai kyau. Amma wanda ya taɓa gangarowa Hawan Kibo daga Jos, ga kwana ga ramuka ga tirela a gabanka, wallahi shi ya san darajar birki, ni dai SE zan ɗauka ko da kayan gyaransa sai an yo oda daga waje.