Inshorar Lafiya ko Ajiyar Kuɗi: Wanne Ya Fi Dacewa?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya ce lafiyarsa ƙalau, ba kasafai yake zuwa asibiti ba, don haka yana tambaya ko ba zai fi masa alheri ba ya riƙa ajiye kuɗin da zai biya kamfanin inshora duk wata. Malam, tambayarka tana kan hanya, amma amsarta ta danganta da girman ciwon da kake yi wa tanadi.

Amfanin ajiya a fili yake. Kuɗin naka ne, idan shekara ta ƙare ba ka kwanta ba suna nan, kuma babu mai zaɓa maka asibiti. Ga zazzaɓi, gwajin jini da maganin 'yan kwanaki, ajiya ta wadatar. Rauninta shi ne a hankali take taruwa, ciwo kuwa ba ya sallama. Wanda ya fara ajiya a Janairu, ya yi hatsarin mota a Maris, kuɗin wata uku kacal ke hannunsa a daidai lokacin da ake neman kuɗin tiyata, da na ƙarin jini, da na gadon jinya. Ban da haka, hauhawar farashi tana rage darajar abin da aka tara, kuma kuɗin da ke kusa da hannu ba su cika tsira daga buƙatun gida ba.

Ita inshora tana haɗa kuɗin mutane masu yawa ne domin a ɗauki nauyin 'yan kaɗan da babban ciwo ya sama. Saboda haka yawancin masu biya ba za su ci moriyar da ta kai abin da suka zuba ba, kuma da haka ne tsarin yake tsayuwa. Abin da kake saye shi ne kariya daga irin ciwon da ke cinye dukiya, kamar ciwon daji ko gazawar ƙoda, inda galibi ake wankin ƙoda sau uku a mako. A baya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki kuɗin jinyar da ya haura kashi 10 cikin 100 na kasafin iyali a matsayin nauyi mai durƙusarwa.

Sai dai inshorar da ba a karanta sharuɗɗanta ba tana iya zama asara. Ka duba lokacin jira kafin ta fara aiki, da ko tana ɗaukar ciwon da kake da shi tun kafin rajista, da iyakar abin da take biya a shekara, da asibitocin da ta amince da su. Idan iyakar ba ta isa tiyata ɗaya ba, gara ajiyarka.

A ganina, muddin ajiyarka ba za ta iya biyan babbar tiyata a yau ba tare da ka sayar da kadara ba, ka ɗauki inshora mai rufe manyan cututtuka, sannan ka ware ajiya daban don kason da sharuɗɗan suka bar maka ka biya daga aljihunka.