Ƙwayoyin batirin laftop ko na injin huda: wanne ya dace da fanka da fitila?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu na unguwar Mabera a Sakkwato ya yi tambaya shekaranjiya cewa wani ɗan jari-bola ya kawo masa tsofaffin batura kashi biyu, na laftop da kuma na injin huda mai caji irin wanda kafintoci da masu aikin alminiyam ke amfani da shi. Yana so ya fasa su ya ciro ƙwayoyin ciki, ya haɗa batirin da zai riƙe masa fanka da ƙwan fitila biyu da cajin waya idan an ɗauke wuta, amma kuɗin hannunsa ba za su sayi kashi biyun ba, shi ne yake neman a faɗa masa wanda ya fi.

Malam, ga aikin da ka ambata, na laftop za ka ɗauka. Sai dai ina so ka ji dalilin, domin ranar da ka ce za ka jona inbata, amsar za ta juya.

Idan ka ajiye ƙwayoyin biyu a kan tebur ba za ka iya rabe su da ido ba. Dukansu ƙwayoyin lithiyam ne irin waɗanda ake kira 18650, wato kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65, dukansu suna cika a kan bolt 4.2, suna aiki a wajen 3.6 ko 3.7, kuma ana ɗaukar sun ƙare idan suka sauko tsakanin 3.0 da 2.5. Bambancin yana cikin abin da aka ƙera kowace dominsa. Ƙwayar laftop raƙumi ce, an yi ta ne ta ɗauki kaya ta yi doguwar tafiya a sannu. Ta injin huda kuwa dokin sukuwa ce, an yi ta ne ta ba da wuta mai yawa a cikin ɗan lokaci ba tare da ta yi zafi ba. Kamfanin Samsung kaɗai ya isa misali. Ƙwayarsa mai lamba ICR18650-26F, wadda ta cika tsofaffin laftop, tana ɗaukar mAh 2600 (mAh ma'aunin yawan cajin da cikin ƙwaya ke riƙewa ne), amma iyakar abin da aka yarda a ja daga jikinta amfiya 5.2 ne (amfiya kuwa ma'aunin yawan wutar da ake ja a lokaci guda ne). 'Yar'uwarta INR18650-25R, wadda ake samu a baturan kayan aiki, tana ɗaukar mAh 2500, amma tana iya ba da amfiya 20 ba tsayawa. Cikinsu kusan ɗaya ne, ƙarfin zubarwar ne ya ninka kusan sau huɗu. Tsofaffin baturan injin huda ma, waɗanda aka rubuta wa 1.3Ah ko 1.5Ah, ƙwayoyinsu tun suna sababbi mAh 1300 zuwa 1500 kawai suke ɗauka, wato ƙwayar laftop da ta tsufa ta sauko 1900 har yanzu ta fi su riƙe fanka.

Bari mu yi lissafi da kayanka. A ce ka tara ƙwayoyi 30 masu lafiya, kowace tana riƙe mAh 2000, ka haɗa su rukuni uku a siris (wato a jere, kan wannan a gindin wancan, domin bolt ya ƙaru), kowane rukuni ƙwaya goma a faralel (wato kai da kai, gindi da gindi, domin ciki ya ƙaru), ka samu batirin da ke cika a kan bolt 12.6. Kowace ƙwaya tana ɗauke da wat-awa 7 da 'yan kai, jimilla ta haura 200. Idan fankarka ta sola tana cin wat 15, abin da za ta ja bai kai amfiya ɗaya da rabi ba, kuma ƙwayoyi goma ne za su raba shi a tsakaninsu, kowace ta ɗauki abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na amfiya ba. Wannan ko a jikin ƙwayar laftop, kuma fankar za ta kai ka asuba da saura. To amma ka ɗora wa wannan batiri inbata tana jan wat 500, nan take ana neman amfiya sama da 40, kowace ƙwaya ta ɗauki fiye da huɗu. Tsohuwar ƙwayar laftop a nan za ta yi zafi, wutarta ta faɗi, inbatar ta kama kuka tana kashe kanta alhali batirin bai ƙare ba. Ta injin huda kuwa wannan nauyi bai kai rubu'in abin da ta saba ɗauka ba.

Sai batun yadda kowanne ya tsufa, kuma a nan ne na fi so ka tsaya. Batirin laftop yawanci ba aiki ne ke kashe shi ba, zama ne: shekara da shekaru yana jone da caja, a cike maƙil, kusa da zafin injin kwamfuta, kuma babu abin da ke cin lithiyam kamar cika da zafi a lokaci guda. Saboda haka ƙwayoyinsa sukan rage ciki a hankali, amma jikinsu bai sha wuya ba. Sau da yawa ma ba dukansu ne suka mutu ba. Batirin laftop mai ƙwaya shida, wanda aka rubuta wa 10.8V ko 11.1V, rukuni uku ne na bibbiyu, kuma da zarar rukuni ɗaya ya gaza sai ɗan allon da ke kula da cajin ya kulle batirin gaba ɗaya, mai kwamfuta ya jefar, alhali huɗu na nan da ransu. Na injin huda kuwa ya ga duniya: ya faɗo daga kan tsani, ya sha ƙurar siminti da garin katako, ruwan sama ya taɓa shi, an matse shi har ya tsaya, an cusa shi a caja yana da zafi. Mai aikin hannu ba ya rabuwa da batirinsa sai ya tabbata babu sauran mamora. Batiri mai 18V ƙwaya biyar ne a siris, mai 5.0Ah kuma goma ne, biyar sau biyu. Idan ka yi sa'a ka samu wanda allonsa ne ya lalace ko rukuni ɗaya ya mutu, to ka samu kaya masu kyau ƙwarai, amma a abin da ya ratsa hannuna irin wannan sa'a ta fi yawa a na laftop.

Kafin ka biya, ka karanta rubutun jikin kowanne. Tsofaffin injinan huda da yawa ba lithiyam ba ne a cikinsu, za ka ga an rubuta Ni-Cd ko Ni-MH, ƙwayoyinsu gajeru ne masu bolt 1.2, ba su da amfani ga aikinka, kuma sinadarin kadmiyam da ke cikin Ni-Cd guba ne. A ɓangaren laftop, siraran kwamfutocin zamani ba su da ƙwaya mai siffar gwangwani, batirinsu shimfiɗaɗɗe ne a cikin leda, wanda ba na ba kowa shawarar ya ɓanɓare shi. Akwai kuma baturan canji marasa suna da ake sayarwa a madadin na asali, waɗanda ƙwayoyin cikinsu ba su da lambar Samsung ko LG ko Panasonic ko Sanyo ko Sony. Ƙwayar kirki tana da nauyin wajen giram 45, kuma duk 18650 da ka ga an rubuta wa mAh 5000 ko 9900 ƙarya ce tsagwaronta, domin waɗanda aka saba samu na gaskiya ba su wuce wajen 3500 ba. Mai sayarwa dai zai ɗaga batiri ya ce maka, "Wanga lahiya lau shike, Malam," amma shi ma bai ga cikinsa ba.

Wajen fasawa, kowanne da irin haɗarinsa. Na laftop a manne yake, sai ka bi ta tsagar gefe da haƙuri kana ɗagawa. Na injin huda kusoshi ne masu kan tauraro, buɗewarsa ta fi sauƙi, amma ƙarafan da aka yi wa ƙwayoyin walda da su sun fi kauri, idan ka fizge da ƙarfi kana iya huda gindin ƙwaya. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, duk jikin gwangwanin nan nagatif ne, tun daga gindi har wuya, fozitif kuwa ɗan maɓallin da ke tsakiyar kai ne kawai, kuma 'yar siririyar leda ce da zoben takarda suka raba su. Ni kaina na taɓa sakaci, bakin filaya ya yagi ledar wata ƙwayar injin huda a daidai wuya, kafin in ɗauke hannu ƙarfen ya yi ja kamar garwashi, sai cikin bokitin yashi na wurga ta. Ƙwayoyin laftop da yawa suna da wani ɗan zobe a ƙarƙashin kai mai rage wuta idan ta yi yawa, su kuwa na kayan aiki galibi an cire musu shi domin kada ya tare musu ƙarfi. Ka cire zoben hannunka da agogo, ka yi aikin a tsakar gida a kan siminti, yashi na kusa da kai, ba a ɗakin da katifa take ba.

Gwaji iri ɗaya ne ga duka biyun, kuma babu gajeriyar hanya. Ka fara auna kowace da mita. Wadda ta nuna 2.5 ko sama ta shiga layin caji. Wadda ta faɗi ƙasa da 2.0 ni ba na wahalar da kaina a kanta, domin idan ƙwaya ta daɗe a ƙasa haka tagullar cikinta takan narke, in aka sake yi mata caji sai ta taru kamar ƙaya tana iya haɗa wuta daga ciki, ba lallai a ranar ba. Wadda ta nuna sifili kuwa sau da yawa wani makunnin kariya ne a kanta ya katse saboda iska ta taru a ciki. Akwai masu tura allura su danna shi ya koma, kada ka bi su. Ka yi caji da ɗan allon TP4056 ko na'urar gwaji irin LiitoKala Lii-500, kana taɓa ƙwayar lokaci-lokaci, duk wadda ta yi zafin da bayan yatsa ba ya jurewa ka fitar da ita. Bayan ta cika na'urar gwajin ta sauke cajinta, ta nuna maka ainihin cikinta, ka rubuta adadin a jikinta da maka. Sannan ka sake cika su ka ajiye mako biyu zuwa huɗu, duk wadda ta zube ƙasa da 4.1 ita kaɗai tana yoyo ne, kuma idan ka saka ta a rukuni za ta dinga shanye 'yan'uwanta tara. A na laftop ina karɓar wadda ta kai 1800 zuwa sama. A na injin huda ina gwada adadin da abin da kamfani ya rubuta, in ta riƙe kashi huɗu cikin biyar na asalinta ta ci jarrabawa.

Ban so ka cakuɗa su a batiri ɗaya, domin idan nauyi ya zo na injin huda ne za su riƙa ɗaukar kaso mafi girma, rukunan kuma su daina tafiya daidai. Ka raba ƙwayoyinka yadda jimillar mAh ta kowane rukuni za ta yi kusan ɗaya, ka sa allon kariya na BMS mai rukuni uku, kada kuma ka jona shi da cajar batirin mota. Idan ba ka da injin walda na ɗigo, ka sayi gidajen roba masu maƙale ƙwaya, ya fi ka daɗe da ƙarfen dalma a kanta yana dafa cikinta.

Zafin Sakkwato shi ma yana cikin lissafi. Masu ƙera waɗannan ƙwayoyi galibi sun iyakance caji a digiri 45, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu inuwa ma tana haura 40, balle shagon kwano da azahar. Tsofaffin ƙwayoyin laftop sun fi saurin ɗumama, don haka ka ajiye batirin a ƙasa a ɗaki mafi sanyi, nesa da rufi da taga, ka bar tazara tsakanin ƙwayoyin, kuma idan sola ce ke caji ka sa cajin ya kasance a hankali. Waɗanda suka faɗi gwaji ka liƙe kawunansu da salatif ka tara su daban a gwangwani mai yashi, kada su shiga bolar da yara ke cinna wa wuta.

Idan mai kayan ya yarda, ka ɗauki na laftop duka, sannan ka roƙe shi ya ƙara maka batirin injin huda guda ɗaya mai 4.0Ah ko 5.0Ah, wanda ba shi da tsatsa a bakinsa, ka ajiye ƙwayoyinsa a rabin caji, wajen bolt 3.7, har ranar da maganar inbata za ta taso.