Kiɗa a fili ba ko sisi: saƙo daga Bronx zuwa Maraɗi

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ina ruwa? Da fatan damina ta sauka lafiya, ƙafar Inna kuma da sauƙi. Mu nan lafiya lau, yara na gaishe ki.

Kin tambaye ni yadda nake yi da yara in an rufe lakwal, tunda ba tsakar gida gare mu ba, ba kuma maƙwabciyar da za ta ce a bar mata su. A Niyok ana rufe makarantun gwamnati ƙarshen watan Yuni, sai farkon Satumba a koma. Wata biyu cur ke nan yara uku na cikin ɗaki biyu a saman bene, ga zafi mai gumi da ke hana barci. Garin kuwa duk inda kika sa ƙafa kuɗi ne. Wuraren da ke riƙe yara da rana lokacin hutu suna cin ɗaruruwan daloli a sati, tikiti ɗaya na babban zauren kiɗa yakan haura dalar Amurka 100, wato sama da jikka 50 namu. Ina mai aikin kula da tsofaffi za ta kai ƴaƴa uku irin wannan wuri?

Filayen shaƙatawa na gari su suka rufa mana asiri. Daga Yuni zuwa Satumba ana kafa dandamali a cikinsu, makaɗa su zo su yi wasa, kowa ya shiga ba tare da ya biya ko sisi ba. Akwai shirin da ake kira SummerStage, an fara shi a Central Park a 1986, yanzu ya bazu cikin yankuna biyar na birnin. Mu nan Bronx yana zuwa mana har Crotona Park, a Harlem kuma ana yi a filin Marcus Garvey. Sannan ga babbar ƙungiyar makaɗan gari, New York Philharmonic, wadda aka kafa tun 1842. Tun 1965 take fitowa daga zaurenta mai tsada ta yi wa talakawa wasa a kan ciyawa. Irin makaɗan da masu hali ke sa kwat su biya kuɗi su saurara, su ne dai suke zuwa Van Cortlandt Park, can ƙarshen layin jirgi mai lamba 1.

Can muka je bana. Kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa wajen dala 3 ne ga babba, kuma yaron da tsayinsa bai wuce inci 44 ba, kamar santimita 112, ba ya biya in yana tare da babba, har yara uku. Tun la'asar muka isa don mu samu wuri, na shimfiɗa tabarmar nan da kika aiko mini, na jera dambu da fanke da zobo mai sanyi. Kafin ƙarfe takwas fili ya cika da dubban mutane, tsofaffi a kujerun naɗewa, jarirai a kekunansu. Da aka fara, masu goge irin na Turawa sun fi talatin, ga masu busa, ga masu manyan ganguna a baya, duk suna kallon mutum ɗaya da ɗan tsinke a hannu. Auta ta daɗe tana jira, can ta ja ni ta ce, "Mama, ina mawaƙin?" Na ce mata wannan kiɗan ba shi da mawaƙi. Babban kuwa ko ƙyaftawa bai yi ba, tun ranar yake roƙon a sa shi ajin goge a lakwal. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi, don haka muna tsaka da saurare magariba ta yi. Muka koma gefe muka yi salla a kan ciyawa, ba wanda ya ɗaga kai ya dube mu. Aka rufe da wasan wuta a sama.

Amma Yaya, in gaya miki gaskiya, ba kiɗan ne ya fi tsaya mini a rai ba. Abin da ya sa uwa za ta iya kwasar yara ta kai su cikin dubban mutane da dare shi ne akwai makewayi, akwai famfon shan ruwa, akwai fitilu a hanya, akwai ma'aikata masu riga iri ɗaya da za ki nufa in yaro ya ɓace. An ware wa masu keken guragu wurinsu. Tun 2011 an hana shan taba a filayen gari. Da safe in kika koma wurin, ko leda ba za ki gani ba. A filayen unguwa kuma akwai famfunan feshi da yara ke wanka a ciki, wuraren iyo na gwamnati ma kyauta ne, sannan duk hutun ana raba kalaci da abincin rana ga duk wanda bai wuce shekara 18 ba, ba a tambayar takarda.

Ba daga sama wannan ya faɗo ba. Mu muke biya. Galibin kayan da kika saya a kanti sai an ɗora miki lanho na kusan kashi 9 cikin 100, ban da wanda ake yankewa a albashi tun kafin ya iso hannu. Ragowar kuma attajirai da kamfanoni ke zubawa ta hannun gidauniyoyi, a rubuta sunansu a jikin dandamali. Tsofaffin gari suna cewa a shekarun 1970, da asusun birnin ya kusa karyewa, Central Park mai eka 843 ya lalace har mutane na tsoron shiga. Sai a 1980 wasu mazauna suka kafa ƙungiya suka ɗauki gyaransa, kuma har yau ita ke tara mafi yawan kuɗin kula da shi.

Akwai abin da ban so. A wasu wuraren ana sayar da giya, suturar zafi ta mutanen nan kuma kin san ta, wasu waƙoƙin ma ba na kunnen yaro ba ne. Shi ya sa nake duba jadawali a waya tun da wuri, in zaɓi na rana ko wanda aka ce na iyali ne, sauran in bar musu abinsu. Kayan ciye-ciye a wurin tsada kamar me: gorar ruwa dala 2 ko 3, alhali ke da dala biyar ta sefa kin sha piyawata mai sanyi. Ga kuma kaɗaici. Za ki zauna kafaɗa da kafaɗa da mutum awa uku, iyakarku murmushi. A Bagalam yaro ya kauce layi ɗaya sai an samu mai cewa "kai, ba ɗan gidan wane ba ne?" a riƙo hannunsa har gida. Nan wannan aikin na ma'aikaci ne.

Kiɗa kam ba su fi mu ba. Wanda ya ji kakaki da algaita da tambura a ƙofar Sarkin Katsinar Maraɗi ranar hawan salla, ko gangunan ƴan kokowa a filin Kantu, bai rasa abin ji ba. Bambancin yana wajen yadda makaɗi ke cin abinci. Namu da liƙi yake rayuwa, dole ya bi gidan biki, ya wasa mai kuɗi, a kai dare ana yi, yara kuwa a kore su su kwanta. Na nan an riga an biya shi tun kafin ya hau dandamali, ba roƙo, ba kiran sunan kowa, ɗan mai shara da ɗan mai banki kiɗa ɗaya suke ji. Mu ma da muna da irin wannan wuri. Ki tuna dandalin unguwarmu da farin wata, ana gaɗa ana kalangu har a kira mu. Yau an yanka shi fuloti, ƴaƴanki kuma suna ɗaki da waya kamar nawa.

Na san an yi wa gari gine-gine lokacin Maraɗi Kwalliya a 2015, ga gidan matasa da al'adu ma yana nan. Abin da nake hange bai kai can ba. Filin lakwal ɗinku ya isa, da inuwar dogon yaron nan. Sau ɗaya a wata, tsakanin la'asar da magariba, don a tashi kafin salla. Lokacin zafinsu nan shi ne daminarmu, saboda haka mu bayan kaka ya fi dacewa, daga Nuwamba zuwa Janairu, ba hadari ba ƙuna. A samu alhaji ɗaya ko biyu daga kasuwa su biya mai gurmi da mai kalangu tun kafin ranar, a ce ba liƙi. Ƴan Islamiyya su yi waƙoƙinsu, wata tsohuwa ta yi tatsuniya, mata da yara a gefe ɗaya, maza a gefe ɗaya, yadda malamai ba za su ga abin ƙi ba. A wanke makewayi, a aje randuna biyu, a sa manyan ɗalibai su kwashe leda.

Don Allah ki kai maganar gaban kwamitin iyaye in an koma a Oktoba, ki ji ta bakinsu. In sun yarda, kuɗin hayar lasifika da tabarmi na karon farko ni zan aiko. Ki gaishe mini da Inna da Baba, da maigidan da yara.